Alamomi Bakwai a Jadawali na Uku

Ranar Litinin ce komai ya canza, kuma ba wani abu ne ya faru a ranar ba illa 'yarsa ta zo neman wani tsohon littafi.

Ta same shi a falo yana bin jarida da jan biro, aikin da ya ba kansa tun da jami'a ta sallame shi da agogon bango da takardar godiya. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da ilimin sinadarai, ya kuma fita da sunan da ya shiga da shi, wato Dakta. Ɗaliban da ya koya wa riƙe kwalbar gwaji sun zama farfesoshi, in sun haɗu da shi a hanya sai su yi masa irin gaisuwar da ake yi wa wanda aka zaci ya daɗe da rasuwa.

"Baba, baƙin littafin nan naka nake so. Mai jadawali."

"Littattafaina duk baƙaƙe ne, Uwata, kuma duk da jadawali."

"Na ƙarfe da farar wuta."

Ya ajiye biron. Shekara talatin da ɗaya ke nan ba wanda ya tambaye shi wannan littafi.

Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata. Ita ma sinadarai ta karanta, sai dai ba ta taɓa ƙona yatsa a ɗakin gwaji ba. A wata cibiyar bincike take aiki, inda suke da kwamfutar kwantam, na'urar nan da ake cewa tana iya lissafa halin ƙwayar sinadari inda sauran kwamfutoci suke sarewa. Shekara biyu ta yi tana bin layi kafin a ba ta rana. An ba ta Laraba, daga takwas na safe zuwa biyu na rana. In ta fito hannu wofi, sai ta koma ƙarshen layi, kuma akwai wasu a wata ƙasa da ke bin ƙwayar nan da gudu.

"Na'urar ba ta sauko da amsa daga sama, Baba," in ji ta. "Sai ka fara ɗora ta a kan wani hasashe, ka ce mata ga yadda nake zaton ilaktaron ke zaune a ƙwayar. In hasashen ya yi kusa da gaskiya, yawancin tambayar da ka yi mata za ta ba ka ƙarfin da ya fi kowanne ƙasa, kuma shi muke nema. In ya yi nisa, sai ta yi ta ba ka na wasu halaye dabam, na gaskiyar ya leƙo sau ɗaya a dubu."

"Wato ta ɗauko halin ɗalibai. Sai ka ba su rabin amsa."

"Kowa da hasashe mai layi ɗaya yake farawa. A ƙwayata layi ɗaya bai kai ko'ina ba. Kai kana da layi arba'in da biyu."

Yana da su kuwa. Damina biyu ya kashe a kansu, a kan wata kwamfuta mai girman kabad da take tsayawa duk lokacin da aka kunna tulun shayi a ofishin kusa. Ƙwayar zarrar ƙarfe huɗu ce da ta farar wuta huɗu. A jadawalin, kowane layi tsarin zama ɗaya ne: ga kujeru, ga ilaktaron a kansu, wani da kibiya mai kallon sama, wani da mai kallon ƙasa. Gaban kowane layi akwai nauyinsa, akwai kuma alama, ko ta tarawa ko ta ɗebewa. An buga shi a mujalla, jadawali na uku. A shekara talatin da ɗaya sau tara aka ambaci takardar, huɗu daga ciki shi ne ya ambaci kansa.

"Ai kina da ta mujalla," ya ce, don dai ya ji ta faɗa da bakinta.

"Ita na shigar tun watan jiya. Amma ai ka ce akwai alamomi bakwai da Umma ta ɓata."

Ya miƙe kamar an zare masa shekara goma daga gwiwa.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama, lissafi ta koyar a sakandare har ta rasu, shekara huɗu ke nan. Aji ɗaya suka yi a darasin lissafi a jami'a, ta wuce shi da maki biyu. Ya aure ta, amma bai yafe mata makin nan biyu ba. Ita take buga masa takardu da tafireta, don mai buga takardun sashensu ba ya iya jera lambobi, alamomin kuma takan cika su da alƙalami. Ranar da mujallar ta iso ta gidan waya, yana tsaye a bakin ƙofa ya gwada ta da littafinsa, ya ga layi bakwai alamarsu a juye, kuma bakwai ɗin masu nauyi ne, sun kusa cin rabin jadawalin. Tana teburin cin abinci tana duba takardun jarrabawa.

"Na sani," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. "Ni na juya su."

"Da izinin wa?"

Ta jawo kujerar da ke kusa da ita da ƙafa. "Zauna in nuna maka. Minti biyar."

"Ba ni da minti biyar."

Ranar Asabar ce, ba inda za shi.

Ya rubuta wa mujallar takardar gyara, ya ba matarsa ta buga, ta ce ita ba ta buga abin da ba daidai ba. Girman kai ya hana shi kai wa mai buga takardun sashe, sai takardar ta tsufa a aljihun tebur. Daga nan abin ya zama wasan gida. In ta manta makulli, in ta ɓata kwana a mota, sai ya ce, "Alama ta takwas ke nan." Ita kuma sai ta ce, "Kujerar tana nan." Da farko da gaske take faɗi, daga baya da dariya, can gaba kuma ta daina faɗi. A cikin wannan wasa yarinyar ta tashi, ta ɗauke shi kamar yadda ta ɗauki ranar haihuwarta, abin da ba a bincika.

Ya ɗauko littafin daga saman kabad, ya hure masa ƙura, ya karanta mata lambobin layukan nan bakwai da ka, bai buɗe ba.

"Zan zo ranar Laraba," ya ce. "Ba don komai ba, don in ga abin da kuke yi wa ƙasa."

Ranar Laraba ya sa rigar da ya kare digirinsa na uku da ita, ta ɗan matse shi a wuya. A ƙofar cibiyar aka rataya masa kati mai cewa baƙo ne, ya karanta shi sau biyu. Suka bi wani dogon lungu mai farin fitila har zuwa wani ɗaki mai bangon gilashi. Bayan gilashin wani farin abu ne kamar ganga rataye a jikin ƙarafuna, wayoyi sun fito daga kansa kamar ba a taje ba, wani famfo yana ta cik, cik, cik, ba ya sauri ba ya jinkiri.

"Ita ke nan?"

"Tana ciki, ranka ya daɗe, ba ta kai farcen babban yatsa ba. Sauran duk firji ne."

Mai maganar wani kakkauran mutum ne mai furfura a gemu, injiniyan da ke kula da sanyin na'urar, wanda duk cibiyar ke kira Mai Firji. Ya riƙe hannun Dakta da hannu biyu.

"Ashe kai ne mai jadawalin. Dakta ƙarama ta cika mana kunne da kai. Ni na zaci ma irin mutanen nan ne na cikin littafi."

"Saura kaɗan."

Mai Firji ya yi dariya har da dukan cinya, sannan ya juya ga yarinyar. "An ce kin taɓa hasashen jiya. Kin sake gwada shi a ƙaramar kwamfuta?"

"Alamomi kawai na juya, guda bakwai. Daga littafinsa ne, da hannunsa ya rubuta."

"To, ai magana ta ƙare."

Dakta ya yi kamar bai ji ba, ya tsaya yana karanta takardar kashedin gobara a bango. Amma wuyan rigar ya daina matse shi.

Ƙarfe takwas da kwata aka fara. Ba abin kallo. Ita tana gaban allo, Mai Firji yana gaban nasa allon, famfo yana cik, cik. Kowace tambaya tana cin kusan minti biyu, in ta ƙare sai ɗigo ɗaya ya hau kan zane. Ta riga ta nuna wa mahaifinta inda take son ganin ɗigon suna taruwa, can gefen hagu, wajen ƙarfi mafi ƙasa. In hasashen na kirki ne, nan za a ga gini ya tashi.

Ɗigon farko ya faɗi a tsakiya. Na biyu a dama. Ƙarfe tara zanen ya zama kamar haƙoran tsohon mataji, nan ɗaya, can biyu, gefen hagu kuwa fayau. Ƙarfe goma da kwata an yi tambaya sittin, ko ɗaya ba ta sauka a hagu ba.

'Yarsa ta zuba wa allon ido. Ta ɗora babban yatsa a kan leɓenta na ƙasa tana dannawa, kuma Dakta ya kawar da kai, don ya san a ina ta samo wannan.

"Firjina ne," in ji Mai Firji, yana share wuya da hankici. "Tun asuba nake ganin wata waya tana ɗan rawa. Ki tsayar, in sake daidaita komai daga farko."

"Awa nawa?"

"Uku. In Allah ya taimaka, biyu da rabi."

Ta kalli agogo. In aka yi haka, abin da zai rage mata bai kai awa ɗaya da rabi ba.

Dakta ba ya son ganin fuskarta, sai ya buɗe littafin da ke kan cinyarsa, don dai idonsa ya sami wurin zama. Ga jadawalin da rubutunsa na ƙuruciya, tsaf, kamar an auna da rula. Ga kuma ƙazantar nan a gefen shafi, wadda ta ɓata masa rai tun wancan lokaci: 'yan sanduna na fensir, gaban kowane layi. Nan biyu, nan huɗu, nan uku an zagaye su. Ya daɗe da yanke hukuncin cewa alamar inda Malama ta tsaya ce in ta tashi duba tukunya. Bai taɓa ƙirga su ba. Mutum ba ya ƙirga abin da ya raina.

Yanzu ba shi da abin yi, sai ya ƙirga.

Layi na biyu, sanduna uku, an zagaye. Na biyar, sanda ɗaya, an zagaye. Na shida, huɗu, ba zagaye. Na tara, biyar, an zagaye. Ya bi da yatsa har ƙasa. Waɗanda aka zagaye bakwai ne, duk lambarsu mara ce, ba ta rabuwa biyu daidai, kuma su ne bakwai ɗin da ya karanta wa 'yarsa da ka ranar Litinin.

Ya ji bayan wuyansa ya yi sanyi, kuma ba firji ba ne.

Akwai wata doka da yake koya wa 'yan shekarar farko a mako na uku, shekara talatin da huɗu, har yana buga tebur. In za ka rubuta tsarin zaman ilaktaron, da jeri kake kiransu, kamar kiran suna a aji, kuma duk lokacin da biyu suka yi musayar wuri a jerin, alamar layin tana juyawa. A littafinsa, masu kallon sama yake fara kira gaba ɗaya, sannan masu kallon ƙasa. Bai rubuta haka a ko'ina ba, a kansa yake. Sai editan mujallar ya aiko da wasiƙa cewa su kujera-kujera suke kira, a gyara jimlar da ke bayanin haka. Ya tuna yana ɗaura igiyar takalmi ya ce wa Malama, "Sa musu yadda suke so, jimla ɗaya ce." Kibiyoyin da ke cikin jadawalin ba su motsa ba, don haka a ido ba abin da ya canza. Ita kuwa ta zauna da fensir, layi arba'in da biyu, ta ƙirga musaya nawa kowanne ya yi.

"Uwata," ya ce. "Na'urar taku da wane jeri take kira?"

"Kujera-kujera, Baba. Kamar yadda ka rubuta a takardar."

Mai Firji ya riga ya miƙe, ya ɗauki safar hannu, yana ba firjinsa haƙuri da zagi a haɗe. Ba wanda ke kallon tsohon. Abin da ake bukata daga gare shi kawai ya rufe littafin. Laifi zai tafi kan wata waya mai rawa, ita kuwa waya ba ta da sunan da za ta kare. Watakila bayan wata guda yarinyar ta gano, watakila ta gano ta yi shiru don ta rufa masa asiri, irin yadda aka saba yi masa a gidan. Ya karanta littattafai da yawa a kan mutanen da suka tsaya a irin wannan wuri, yana kuma yawan ganin marubutan sun cika ja. Sai ga shi ya ja numfashi huɗu cur.

"Malam Mai Firji, ajiye safar nan. Firjinka lafiyarsa ƙalau."

Suka juyo.

"Mayar da alamomin yadda suke a mujalla. Duk bakwai ɗin."

"Baba, ai kai ka ce..."

"Na san abin da na ce, shekara talatin da ɗaya ina faɗi, ba sai an tuna mini ba. Zo ki gani."

Ya ɗora littafin a kan tebur, ya sa yatsa a kan sandunan. Bai yi dogon bayani ba. Ta kalli layi na biyu, leɓenta yana motsi, ta kalli na biyar. A na tara ta ɗora hannu a baki.

"Rubutun Umma ne."

"Fensirinta ne dai. Sauri za ki yi ko kuka?"

Ta yi duka biyun. Wannan karon sai da ta gwada a ƙaramar kwamfuta, gwajin da bai ci minti uku ba, wanda da an yi shi jiya da ba a kai nan ba. Ba wanda ya faɗi haka. Mai Firji ne kawai ya shafa gilashin ya ce, "Yi haƙuri, uwar ɗakina, na zage ki a banza."

Ƙarfe goma sha ɗaya saura minti biyar aka sake farawa. Ɗigon farko ya faɗi a tsakiya. Na biyu ya faɗi a hagu, can ƙarshe, inda tun safe ba abin da ya taka. Na uku ya hau kansa. Na huɗu ya yi dama. Na biyar da na shida suka dawo hagu.

"Kai!" in ji Mai Firji. "Kai, kai, kai! Dakta ƙarama, gini ya fara!"

Zuwa ƙarfe ɗaya ginin ya fi duk abin da ke zanen tsawo, har sai da allon ya rage ma'auninsa don ya ɗauke shi. A kowace tambaya goma, shida a nan suke sauka. Mutane suka fara leƙowa daga wasu ofisoshi, wani da kofin shayi a hannu, wata da takalmi ɗaya a saɓule. Wani dogo mai tabarau, wanda aka ce shi ne shugaban cibiyar, ya tsaya a bayan yarinyar ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya daga ina hasashen ya fito.

"Daga gidanmu," ta ce.

Dakta yana zaune a kusurwa da katin baƙo a wuya. Ya kalli bayan 'yarsa, yadda ta miƙe a kujera, yadda take amsa tambayoyin manya a gajarce ba ta neman yardar kowa. Ya kalli ginin ɗigon. Layukan nan arba'in da biyu nasa ne, damina biyu ya ba su, ba wanda zai ƙwace masa wannan. Amma da alamominsa, rabinsu yana cinye rabi ne, a tashi ba komai. Wata malamar sakandare ce, tsakanin takardun jarrabawa da tukunya, ta sa suka tsaya da ƙafarsu, ta kuma sha alama ta takwas shekara ashirin da bakwai ba ta janye ko ɗaya ba. Ya nemi haushi a ransa, inda ya saba samunsa, sai ya tarar da wani abu mai kama da abin da ya ji ranar da aka miƙo masa jaririyar nan a asibiti.

Ƙarfe biyu daidai Mai Firji ya karɓi na'urarsa. A lungu, tana rakiyarsa, ta riƙe masa littafin a ƙirji.

"Baba, in na zo rubutawa, jadawalin wa zan ce?"

"Na mutum biyu. Sa sunanta a gaba."

"Mujalla za ta ce ba haka yake a tsohuwar takardar ba."

"Sai ki aiko su wurina. Ina da takardar gyara a aljihun tebur, ta daɗe tana jiran abin da za ta gyara."

Ta yi dariya, ta share ido da bayan hannu. "Da tana nan da me za ta ce?"

"Ba abin da za ta ce. Abin da ya sa zama da ita ke da wuya ke nan."

Ya ƙi ta kai shi gida, ya ce ta koma ga baƙinta. Ya hau motar haya, ya sauka a bakin titinsu, rana tana tsaka da dukan kwanon shaguna. Ya buɗe ƙofa, ya rataya katin baƙon a jikin agogon bango, tunda ya manta bai mayar ba.

Teburin cin abinci yana inda yake. Tafiretan yana ƙarshensa a lulluɓe da tsohon mayafi. Kujerar Malama tana nan, ta kusa da ita ma tana nan, wadda kullum yake zagaye ta in zai wuce kicin. Ya jawo ta, ƙafarta ta yi ƙara a kan siminti. Ya zauna, ya ɗora hannuwa biyu a kan tebur kamar ɗalibin da ya zo da wuri.

Yana da minti biyar yanzu. Yana da yammacin gaba ɗaya, da gobe, da jibi. Maganar ma ba ta da tsawo, tun wata Asabar take jiransa: na zauna, Malama, nuna mini.